Injin Marigayi Maazou Ya Ƙi Riƙe Wuƙa

Hajiya Hafsatou, don Allah ki taimake ni da shawara, maganar nan ko matata ban faɗa wa rabinta ba.

Ni maƙerin inji ne a Ganou, nan Parakou. Ina sassaƙa haƙoran injin niƙa da ƙananan kayan kamiyo, wato manyan motocin ɗaukar kaya. Akwai injin da muke kira fraiseuse, wuƙa ce ke juyawa a bakinsa tana cin ƙarfe. Abin da ke riƙe wuƙar wani ɗan zoben ƙarfe ne mai tsaga-tsaga, sunansa pince. In ya sake ta, sai abin da Allah ya yi.

Shekara uku da suka wuce na sayo akwatin pince goma sha biyu a Kwatano, da araha. Da na zo gida na duba, sai na ga ɗaya, mai lamba rabin inci, ta tsage siriri kamar gashi. Ban jefar ba. Abokina Maazou, wanda muka koyi aiki wurin maigida ɗaya, ya zo daga Djougou ya ga akwatin ya so. Na sayar masa, na yi shiru. Na ce a raina ai mai ido ne, zai gani. Bayan wata bakwai, wata Talata bayan azahar, wuƙa ta fice daga injinsa ta same shi a wuya. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

Na je ta'aziyya, na ci abincin gidan, ban ce komai ba. Bara matarsa Zouéra ta aiko mini cewa injin yana ta tsatsa, kuma ba ta son ya faɗa hannun baƙo. Na saya. Da aka sauke shi a Ganou, sai ga akwatin nan a ɗaure a jikinsa. Na buɗe, na ciro mai tsagar, na hau babur na je na wurga ta a rafi. Saura sha ɗaya, na ƙirga da hannuna.

Na sayi sabbin pince masu tsada. Da safe injin lafiya lau yake aiki. Amma da na dawo daga sallar azahar sai wuƙa ta fara zamowa ƙasa, a hankali, kamar wani ne ke jan ta. Na ɗaure har hannuna ya yi kanta, duk banza. Sau biyu ta fice. Ta farko ta huda kwanon rufi. Ta biyu ta wuce ta gefen kunnena ta kafe a allon ƙofa, na ji iskarta.

Maazou yana da ɗabi'a, in ya kashe inji sai ya ƙwanƙwasa kansa sau biyu da ƙaramar guduma. Hajiya, da rana tsaka, ni kaɗai a shago, in na kashe injin nan ina jin ƙas, ƙas. Har na daina juyawa in duba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na buɗe tsohon akwatin ina neman wani abu. Sha biyu. Ramin da na bari fanko ya cika, rabin inci, da tsagarta. Na zauna a ƙasa ban san iya lokacin da na ɗauka ba.

Matata Fatchima ta ga na rame, ta ce in rabu da injin kawai. Ga wani mai sana'a a Guéma, Yahouza, yana ta zarya, ya ce ko gobe zai kawo mota. Yana da 'ya'ya biyar. In na faɗa masa gaskiya ba zai saya ba, kuma labari zai kai Djougou. In na riƙe injin, ina ji a jikina in wuƙar ta fice karo na uku ba za ta kuskure ni ba. Shin Maazou ne bai yafe mini ba? Yaya zan yi?

Naki,
Mai tsoron azahar, Ganou

*

Ɗan'uwana, na karanta wasiƙarka sau biyu. Da farko, kada ka sake kunna injin nan, ko na minti ɗaya, sai an duba shi.

Ni ban san ƙarfe ba, don haka na ɓoye sunan unguwarka na karanta wa Malam Ukasha, wanda ya yi shekara talatin yana wannan aiki kafin ya huta. Ya ce injin da wuƙa ta taɓa ficewa daga cikinsa da ƙarfi, sau da yawa ramin bakinsa ya buɗe ko ya karce. Sabuwar pince ba ta zama daidai a ramin da ya lalace, komai tsadarta. Da safe ƙarfe na da sanyi, yana ɗan riƙewa. In ya yi awa biyar yana aiki ya ɗau zafi, man inji ya tsiyayo daga sama ya jiƙa ramin, sai wuƙa ta fara zamewa. Ƙwanƙwasar kuma, ya ce ƙarfe mai zafi yana yin ƙara in yana hucewa.

Ga abin da ya ce a yi. A wanke ramin tas, a shafa shuɗin gwaji a ga inda pince ke taɓawa, a ɗora agogon awo a ga ko bakin yana rawa. A duba dogon ƙarfen da ke jan pince daga sama, ko haƙoransa sun cinye. Kada a taɓa matse wuƙar milimita sha biyu a pince ta rabin inci. Ba girmansu ɗaya ba, kuma haka suke tsagewa. Aiki mai nauyi a yi shi da mariƙi mai ƙusa a gefe. A sa garkuwa tsakaninka da wuƙa.

Pince ta sha biyun nan, ba zan yi maka ƙarya ba, ban san yadda ta shiga akwatin ba. Malam Ukasha ya ce mai yiwuwa Maazou ya ga tsagar ya sayi wata, ita ma ta tsage, ta maƙale a wani lungun injin har wani mai shara ya tsince ta ya mayar akwatin. Ka tambayi mutanen gidanka. In haka ne, to ba ma a san wadda ke bakin injin ranar ba. Wannan bai wanke ka ba, shirun da ka yi laifi ne. Amma ba kai ke riƙe da ajalin kowa ba, kuma mamaci yana inda Allah ya ajiye shi, ba ya bin mutane da guduma.

Fatchima tana da gaskiya da take tsoron rasa ka, sai dai ba ta san duk labarin ba. Ka faɗa mata yau. Yahouza kuwa, ko dai ya ji duk labarin kafin ya taɓa injin, ko kada ka sayar masa. Ka riga ka ga abin da irin wannan shiru ke haifarwa.

Sannan ka ɗauki wani dattijo ko limamin da kuke girmamawa, ku tafi Djougou wurin Zouéra. Ka faɗa mata da bakinka. Tana iya yafewa, tana iya korar ka, duka haƙƙinta ne. Ka tambayi malamai abin da ya hau kanka game da iyalinsa, ka yi shi gwargwadon ƙarfinka.

Allah ya jiƙan Maazou, ya tsare ka a bakin aikinka, ya ba ka ƙarfin zuciyar yin wannan tafiya.

Hajiya Hafsatou