Usur ɗin Rijiya ta Uku

Bradford, Oktoba 1967

Verna tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kumburin ƙafarki ya sace, jikar tamu kuma tana barin ku runtsawa. Ki gaida 'yarmu Darlene da mijinta mai takalmi kamar madubi.

Ni lafiya lau, ƙwai ne dai ke shan wahala a hannuna wajen suya. Wakilin babban kamfani ya sake zuwa kan in sayar musu da rijiyoyina na man fetur. Na juya masa kunnen da igwa ta cinye a fagen yaƙi a Italiya, ya yi ta zuba har ya gaji.

Na san kin ce ba ki dawowa sai na sayar. Amma ki tuna, da tsohon injin haƙa na fara bayan yaƙi. Ramuka biyu busassu na tona, har babanki ya ce gara ki auri mai haƙa kabari, shi ko banza raminsa ba ya zama wofi. Rijiya ta Uku ce ta ba ni mai, ta kuma ba ni ke.

Mijinki mai taurin kai,
Orval

Nuwamba

Verna,

Ina gaisuwa. Yaya sanyin Erie? Ki riƙa sa safa.

Ta Uku ta tsaya, ban sani ba. Sai da maƙwabcinmu Floyd ya leƙo yana tambaya ko rasuwa aka yi, wai bai ji usur ɗinta a kwarin nan namu ba. Ni da na ɗaura wa kowane inji usur a bututun hayaƙi, kowanne da muryarsa, don in gane lafiyarsu daga gida! Ashe ɗaya kunnen ma ya bi ɗan'uwansa. Da ma ke ce kunnena: kina cikin kwaɓa fulawa za ki ce Ta Uku tana tari, ni kuma in sa hula in fita da ƙasaita kamar ni na jiyo. Na karanta tarihin janar-janar da yawa da aka ci da yaƙi don mai leƙen asirinsu ya tafi ganin jika.

Kujerarki na nan bakin taga. Kyanwa ma ba ta hawa.

Naki,
Orval

Disamba

Verna tawa,

Fatan kun tashi lafiya, ke da 'yar ƙaramar.

Na sayar, amma ban da Ta Uku da na gyara. Na san ba haka kika ce ba. Sun cire usur ɗin sauran sun sa lantarki, yanzu aiki suke shiru kamar masu zaman makoki. Murya ɗaya ta rage a kwarin, ita ma ba na jin ta. Kullum da safe ina zuwa in dafa bututu in ji motsinta a tafin hannu.

Darlene ta tsegunta min kina barin taga a buɗe duk sanyin nan, wai shirun ya ishe ki. Motar Asabar daga Erie tana tsayawa gaban kantin magani, zan je in jira ki da babbar rigarki ta sanyi.

Ki zo ki faɗa min ko tana tari.

Naki har kullum,
Orval