Ku Tsaya Nan, Ina Zuwa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Tsoro ne ya sa ni ɗaukar biro.

Jiya wasu samari daga ofishin yaƙin neman zaɓen Janar, inda kake aiki, suka sami Baban yara a shago yana gyaran wata fanka. Suka dire masa kaki da takalmi a kan tebur, wai Janar yana son tsofaffin yaransa su yi fareti a taron filin ƙwallo, jama'a su ga waɗanda ya jagoranta a yaƙi kafin su ba shi ƙasa. Sun ce kai ka ba da sunansa.

Ka manta yadda mutumin nan ya dawo mana daga yaƙi? In murfin tukunya ya faɗi, sai dai in je in lallaso shi daga bayan gado. Na sha wuya kafin ya daina kwana da takalmi a ƙafa. Na ce kada ya je, ya dube ni kamar bai san ni ba, ya ce oga ne ya kira.

Don girman Allah ka cire sunansa. Ka gaida mutan gida.

Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Takardarki ta iso, muna amsawa. Ke dai tun kina ƙarama ko kyankyaso kika gani sai kin tara mana unguwa.

Ki gane, 'yan hamayya suna yawo da cewa Janar a ofis ya yi sojansa, bai taɓa jin ƙarar harsashi ba. Dole mu fito da waɗanda suka shiga daji tare da shi. Mijinki zai ɗan taka, ya sara, a ɗauki hoto, shi ke nan. Rumfuna da lasifika a hannuna suke, kuma na ja kunne kada a harba komai, ko na wasan yara. Wa ya sani ma, ƙila in ya ji ana tafa masa ya ware. Ki kwantar da hankalinki, idona yana kansa.

Ki shafa mini kan yara.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa, amma babu lafiya.

Gaskiyarka, ba a harba komai ba. Janar ya sauko daga dandamali, ya bi layin tsofaffin sojojin yana dafa musu kafaɗa, ya ce cikin raha, "Ku tsaya nan, ina zuwa." Daga nan ya shige mota, kai ma ka bi ayari kuka wuce gari na gaba. Sauran tsofaffin suka gaji da jira suka watse. Baban yara kuwa bai motsa ba.

An kwashe kujeru, an naɗe rumfuna, yana nan tsaye kusa da raga. A can ya kwana, a can ruwa ya dake shi. Abinci a tsaye yake ci. Na riƙe hannunsa ina kuka, ya ce, "Madam, ja baya. Soja ba ya barin wurin gadi sai an sallame shi ko an karɓe shi." Ni yake ce wa madam, Yaya! Ƙafafunsa sun kumbura har igiyar takalmin ta nutse. Mutane suna zagaye shi da waya suna ɗauka suna dariya, babbar 'yarmu ta ƙi zuwa makaranta.

Kalma ɗaya nake roƙo. Janar ya ce masa ya tafi gida, ko ta waya ce. Ina tsoron a filin nan zai faɗi.

Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Ki yi haƙuri da rubutun.

Da ƙyar na ratsa masu tsaro na sami Janar a bakin mota. Na zayyana masa komai. Ya ce, "Wane fili?" Kafin in amsa an rufe ƙofa. Mai kula da yaɗa labaransa ya ja ni gefe, ya ce in Janar ya yi magana a kan wannan, 'yan hamayya sun samu abin yi har ranar zaɓe. Shawararsu ita ce a tura ƙarti su ɗauke mijinki da ƙarfi.

Kada ki bari kowa ya taɓa shi ta baya. Kin fi ni sanin abin da zai iya faruwa. Ina neman mota, ina tafe.

Yayanki.

Yaya,

Ya dawo gida da ƙafarsa. Wani tsohon Kofur mai hannu ɗaya, wanda suka yi faretin tare, ya ji labari ya sako kakinsa ya zo. Ya tsaya a gabansa ya ƙame, ya ce, "Saje, na karɓe ka." Baban yara ya sara masa, ya juyo ya kira ni da sunana.

Sai da na yanka takalmin da almakashi kafin ya fita. Na gasa masa ƙafa, ya ci abinci a zaune, yanzu barci yake yi. Kafin ya kwanta ya ce in tashe shi da azahar. Zai koma filin ya karɓi Kofur, wanda ya bari a tsaye a wurinsa.

Ka yi sauri.

Ƙanwarka.