Murjanin Inna

Badariya, Birnin Kebbi
6 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Nazifa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki Malam Rabi'u, da Innarmu, da duk mutanen Gulma. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sako mu gaba.

To, gaisuwa ta ƙare, saura faɗa. Wata biyu ke nan ina kiran wayarki, ko dai ta gaji ta katse, ko Rabi'u ya ɗauka ya ce kina barci. Da hantsi barci, da la'asar barci. Yaushe kika koma kyanwa ban sani ba? Ke da in kika kama hira sai na ajiye wayar a kan keken ɗinki in gama hannun riga, in dawo in tarar ba ki ko ja numfashi ba.

Shi ya sa na koma irin ta mutanen da, na nemi biro da takarda. Zan ba Maliki direba, tun da duk Laraba yana zuwa ɗaukar albasa wajenku. In laifi na yi miki ki faɗa, in ba ki haƙuri ko in ƙara miki wani. Amma shirun nan ya ishe ni, kuma tsoro yake ba ni.

Ki gaishe da Inna ƙwarai.

Yayarki,
Sakinatu

Gulma
13 ga Afrilu

Yaya Sakina,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na yi dariya, daga baya na yi kuka. Kowa lafiya, Inna na amsawa.

Ba ki yi mini komai ba. Muryata ce ta lalace, Yaya. Ta dushe ta yi kauri, har wata rana na yi sallama gidan maƙwabta matan suka ruga neman mayafi, sun ɗauka namiji ne. Kunya nake ji ki ji ni haka. Barcin kuma gaskiya ne. Ina tsakiyar tsince shinkafa sai in farka in tarar kaji sun taya ni aiki. Ana wannan zafin da kike faɗa ni ina cikin bargo. Gashina zuba yake, mai kitso ta ce ba ta da abin kamawa. Inna ce ke zuwa kullum ta yi mana girki.

Ga abin da na kasa faɗa miki a waya. Ina da ciki, wata uku. Daga Rabi'u sai Inna sai ke kuka sani. Kin san biyun farko duk a wata na huɗu suka zube, don haka ban yi murna ba tukuna, tsoron murnar nake ji. Ki taya ni da addu'a wannan ya zauna.

Murjanin Inna da ta ba ni ranar aurena ya sake matse ni, jiya ta ƙara masa ƙwaya ɗaya. Biyar ke nan a shekara huɗu. Tana zarewa tana yaba ni, wai na cika ɗiyar gida, wuyana ya fito sak irin nata da na kaka. Na ce mata ina jin nauyinsa in zan haɗiye abu. Ta ce haka kyau yake, da nauyinsa.

Ki gaishe da maigida da yara.

Ƙanwarki,
Nazifa

Badariya
20 ga Afrilu

Nazifa,

Assalamu alaikum. Allah Ya raya abin da ke cikinki, Ya sauke ki lafiya. Tun da na karanta takardarki ban yi ɗinkin kirki ba, riga ɗaya sau uku ina farke ta.

Zan faɗa miki magana, kada ki kai wa Inna ita da zafinta. Abin da muke kira wuyan gidanmu, sunansa maƙoƙo. Na je na sami wata maƙwabciyata da ke aikin jinya na karanta mata alamominki, ba ta bari na kai ƙarshe ba ta ce a kawo ki a auna jini. Ta ce akwai wani sinadari, aidin, da jiki ke buƙata ɗan kaɗan, in ya rasa sai gaban wuya ya kumbura, mutum ya yi ta sanyi da kasala, mace kuma ciki ya riƙa ƙin zama. A gishirin leda ake sa shi. Gishirin kantu da kuke dakawa babu shi a ciki.

Kin tuna yadda Inna ke kirana mai wuyan zalɓe? Shekara bakwai gare ni aka kawo ni riƙo wajen Gwaggo Maryamu a nan birni, duk Sallah in na zo gida sai an jera ni da ke, a ce ke ce kika ɗauko gida, ni ko an yi musanya. Ranar da aka ba ki murjanin na yi miki guɗa da ƙarfi, amma bayan ɗaki na zagaya na share hawaye. Ashe ba musanya aka yi ba, miyar Gwaggo ce kawai ta bambanta da ta Inna.

Ga leda shida na gishiri na ba Maliki. Ga kuma wata kwalba ta ƙwayoyin aidin da na saya wajen wata mai tallar magunguna a waya, ta ce sha yanzu magani yanzu ne, ki sha biyu safe biyu yamma. Amma duk da haka ki zo. In Rabi'u ya tsaya jan ƙafa, ni zan zo in ɗauke ki a gabansa.

Yayarki,
Sakinatu

Gulma
4 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Sakinatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya tare da iyali baki ɗaya. Ni ne Rabi'u. Na karɓi biron ne saboda Nazifa ta fara rubutu sau biyu barci yana ɗauke ta.

Saƙo ya iso, Allah Ya saka da alheri. Sai dai wajibi ne in sanar da ke inda gishirin ya tafi. Inna ta ɗanɗana ta ce ba shi da rai, ta juye shi a kwatarniya ta ajiye wa awaki. Da na yi magana cikin ladabi sai ta ce: "Kai Rabi'u, gishirin da uban ɗiyanga ya kwashe shekara talatin shina ɗaukowa bisa jaki, shi za a raina yau? Shi muka ci gidanga tun ba a haihe ka ba." Kin san marigayi Baba Atiku da kantu ya ciyar da ku, don haka na ƙyale ta. Awakin dai sun yi kyau, ban taɓa ganinsu da sheƙi haka ba.

Ƙwayoyin tana sha yadda kika ce, yau kwana goma sha biyu, amma ban ga sauƙi ba, sai ma nauyin jiki da ya ƙaru. Na kai ta awo Argungu, ma'aikaciyar ta taɓa wuyanta ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a nan wajenku. Ciki yana cikin wata na huɗu, kuma ba na ɓoye miki, hankalina ba a kwance yake ba. Ban iya magana mai yawa ba, amma gidan ya yi mini shiru tun da ta daina surutu.

Ba na jan ƙafa, Yaya. Ranar Litinin in Allah Ya yarda muna tafe. Zan bar ta wajenki in koma saboda shinkafar fadama ta isa yanka.

Na gode ƙwarai. Wassalam.

Rabi'u Tamba

Badariya
19 ga Mayu

Malam Rabi'u,

Assalamu alaikum. Ina fata ka koma lafiya, ya aikin shinkafa? Matarka na nan, tana ci tana barci tana hana ni ɗinki.

Sakamako ya fito. Likitar, wata mace mai fara'a amma ba ta tauna magana, ta ce a gaban wuyan kowa akwai wata 'yar halitta da ke sarrafa ƙarfin jiki, da aidin take aiki. Ta Nazifa ta daɗe tana wahala babu shi, ta kumbura, yanzu kuma ta gaji. Ta ce ƙasar fadama da ruwa ke wankewa kowace shekara ba ta riƙe aidin, don haka shinkafarku da albasarku ba su da shi. Na kawo hujjarka cewa kullum kuna cin kifi. Ta ce kifin gulbi daban, na teku daban.

Yanzu ga nawa laifin, gara in faɗa da bakina kafin Nazifa ta ƙara masa gishiri. Na fito da kwalbar nan ina jiran yabo. Likitar ta juya ta gaba da baya, ta tambaye ni wa ya rubuta mini ita. Na ce waya. Ta ce aidin kaɗan ake so, in aka ɗura shi da yawa lokaci ɗaya yana iya ƙara kwantar da halittar, ya taɓa har ta jaririn, kuma babu wanda ya san abin da ke cikin wannan kwalbar. Ta jefa ta a aljihun tebur ta rufe. Wallahi na ji kunya, na kuma ji tsoro. Ina can ina yi wa Inna dariya ta ba awaki magani, ashe ni ce na kusa cutar da yarinyar. Ka yafe mini.

Gishiri kaɗai ba zai isa ba yanzu. An ba ta wata 'yar ƙwaya, ɗaya kowace safiya da ruwa zalla, tun kafin ta karya. Duk wata za a sake auna jini a ga ko za a ƙara ko a rage. Gishirin leda kuma shi za a riƙa girki da shi, a rufe shi a gwangwani, kada a shanya a rana ko a ajiye a bakin murhu, kuma a sa shi in miya ta kusa sauka.

An sa mata na'ura a ciki mun ji bugun zuciyar ɗan. Likitar ba ta yi mana alkawari ba, ta ce dai mun zo da sauran lokaci. Nazifa ta riƙe hannuna har sai da yatsuna suka yi tsami.

Ka karanta wa Inna wannan takardar duka, har da wurin kwalbar. Ka ce mata ba na raina gishirin Baba, da shi aka saya mini takalmin da na zo birni da shi.

Sakinatu

Gulma
10 ga Agusta

Yaya Sakina,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya ɗinki? Na san mun haɗu wajen awon jini makon jiya, amma akwai abin da ban iya faɗa a gaban mutane ba.

Wata bakwai yau. Yana motsi, yana harbi, musamman in Rabi'u ya kunna rediyo. Na yar da bargo, jiya har fifita na yi. Kaji sun rame don na daina barci a kan tire. Muryar dai har yanzu da saura, don haka ki ƙara haƙuri da takarda.

Inna ce labarin. Da Rabi'u ya karanta mata takardarki sai ta ɗauki mayafi ta tafi, kwana uku ba ta leƙo gidan ba, har ya ɗauka fushi ne. Da na dawo sai na tarar da gwangwanin madara a rufe a kan kantar ɗakin girki, cike da gishirin leda. Ita da kanta ta aika aka sayo a Argungu. Kullum da sassafe tana bakin ƙofata da moɗar ruwa, ba ta tafiya sai ta ga na haɗiye ƙwayar.

Ranar da cikin ya wuce wata biyar muna zaune tana gyaran zogale, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba: "Huɗu na zubar tsakaninki da Sakina. Na ɗauka rabo na, ban san da abin da za a yi ba." Ban taɓa sani ba, Yaya. Ke kin sani? Na ce mata ai babu wanda ya gaya mata. Ta ce haka ne, amma ita ce ta yi ta ƙara wa murjani ƙwaya tana murna. Daga nan muka yi kukanmu, zogalen ya sha hawaye.

Kantun Baba na ƙarshe ba ta ba awaki ba. Ta naɗe shi a tsohon rawaninsa ta sa a ƙasan akwati. Ta kuma yarda in na sauka lafiya za ta bi ni birni a duba nata wuyan, da sharaɗin ba za a yanka ta ba. Na ce sai abin da likita ta ce, ta ce to likitar ta san da wa za ta yi.

Saura wata biyu. Ki ci gaba da addu'a, har yanzu ina jin tsoro, amma na fara ɗinka 'yan riguna a ɓoye.

Ƙanwarki,
Nazifa

Gulma
6 ga Disamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Mun yi arba'in lafiya, takwararki na gaishe ki. An auna jininta kamar yadda likita ta ce, lafiya lau.

Murjanin ya yi mini sako-sako. Inna ta cire ƙwaya biyu, ga su nan a ƙulle a bakin takarda. Ta ce in rubuta miki da irin maganarta: "Ki ce ma Sakina ta fara tara nata. Wuyanta shi na na gidanmu, mu muka ɓata hanya."

Wannan ce takarda ta ƙarshe, Maliki ya huta. Ranar Juma'a bayan la'asar ki ajiye ɗinki, ki riƙe wayarki a hannu. Zan kira, kuma ba ni kaɗai za ki ji ba.

Taki,
Nazifa