Kifin Baba Na Tsakiyar Dandali

Makau, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Kuok Weng,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya raba ka da ciwon bayan nan. Mu ma lafiya lau, sai dai idon Baba ya ƙarasa rufewa. Bakinsa kuwa yana nan yadda ka bar shi.

Maganar kifinsa ce ta sa na rubuto. Ka tuna lokacin da Turawan Fotugal suka ɗauki su Baba aikin shimfiɗa baƙaƙe da fararen duwatsun dandali, ya faki idon shugabansu ya jera duwatsu da siffar ɗan kifi kusa da famfon ruwa, inda gunkin sojan nan yake kafin a tumɓuke shi. Kowane magini yakan bar alamarsa, wannan ce tasa. To, bana da aka zo gyara, wata injiniya 'yar gidan Cheang ta duba tsohon zane ba ta ga kifi ba, ta shafa masa jan fenti, wai kuskure ne, a cire. Raina ya ɓaci ƙwarai, kwana uku na kasa gaya wa Baba.

A na huɗu na je na same ta. Ka san ni da baki, na ce mata kifin nan ya girme ta, kuma mai shi yana da rai. Ta ce ita zane ta sani, amma in kawo Baban. Gani ya kori ji, washegari na riƙo hannunsa muka je. Ya tuɓe takalmi a tsakiyar jama'a, masu cin kek ɗin ƙwai suna kallo, ya bi layin baƙaƙen duwatsu da tafin ƙafa, bai tsaya ba sai a kan kifin. Ya tsuguna ya shafa, ya ce, "'Yata, wa ya taɓa mini shi? Dutsen idon ya karkace." Aka duba, haka ne. Yarinyar ta zaro fensir ta ƙara kifi a zanenta, sannan ta miƙa masa guduma da hannu biyu, ya gyara idon da kansa. Ban ɓoye hawayena ba.

Ka gaida iyalinka, Mei Ieng da Chi Hou, Goggo Sou ma tana gaishe ku. Baba ya ce in ka zo bikin sabuwar shekara zai kai ka dandali da kansa, amma ka sa takalmi mai sauƙin cirewa.

Taka ƙanwa,
Sio Lan