Mahaucin da Ya Koma Cin Wake da Ganye

Anti mai ba da shawara, don Allah ki agaza min, domin abin da ya gyara min jiki yana neman ya ɓata min kasuwa.

Ni mahauci ne, shekarata ashirin da biyu a bakin teburi, kuma gadon sana'ar na yi. Da can, kullum da rana sai na yanki tsoka mai kitse na gasa a gefen rumfa, ina ci ina ciniki, har na miƙa wa mai saye ya ɗanɗana. Wata takwas da suka wuce jiri ya ɗebe ni ina riƙe da gatari, da ƙyar na dafa teburi. A asibiti likita ya ce jinina ya hau, in rage nama da kitse sosai. Yanzu maiɗakina kan zubo min wake, ko shinkafa da kabeji da alayyafo da gyaɗa. Nama sau ɗaya a mako nake ci, a gida, shi ma marar kitse. Wallahi ban yi nadama ba. Tumbina ya sauka, ina ɗaga cinyar bijimi ba tare da haki ba, awon da aka yi min na ƙarshe har murmushi likitan ya yi. A kan wannan ba shawara nake nema ba, don ba zan koma ba.

Sai dai ba wanda ya san zancen asibitin, daga maiɗakina sai ƙanena da muke rumfa tare. Mahauci da ƙarfinsa ake saninsa, ba na so a riƙa bi na da sannu kamar wanda aka sallamo jiya. Duk wanda ya tambaya sai in ce sha'awa ce kawai.

To akwai wata mai gidan abinci kusa da tashar mota, muna ce mata Hajiya Mai Tukwane. Kilo ashirin take ɗauka kowace safiya, shekara tara ke nan. Ran nan ta dawo da rana neman ƙari, ta iske ni da kwanon wake. Ta dubi kwanon, ta dubi naman da ke rataye, ta ce min yaushe rabona da cin abin da nake sayar mata. Na ce sha'awa ce kawai. Tun daga ranar sai ta juya nama, ta latsa, ta sansana, yanzu ma kilo goma take ɗauka, sauran a rumfar maƙwabcina. Wani mai kayan miya a kasuwarmu ya gaya min ana cewa mahaucin da ya ƙi namansa ya san inda yake samo shanunsa. Anti, wannan magana ta ƙona min rai, ban taɓa yanka dabba marar lafiya ba.

Ƙanena ya ce ko dai in dawo da gashin naman nan a gaban jama'a, ko in riƙa cin wakena a bayan firiza. Maiɗakina ta ce ranar da na koma wa kitse za ta ɗauko na'urar awon jini ta zauna min a rumfa. Ni dai ba na so in rasa Hajiya. Yaya zan yi?

Daga Mahauci Mai Kwanon Wake

Malam Mai Kwanon Wake, na taya ka murna da samun sauƙi, ka kuma gaishe min da maiɗakin naka, ta yi ƙoƙari. Ka riƙe abin da likita ya ɗora ka a kai, duk wani sauyi kuma ka koma wurinsa tukuna.

Yanzu bari in ɗan tsaya wa Hajiya. Matar nan kullum tana ciyar da mutane da yawa, in cikin mutum ɗaya ya ɓaci a shagonta, sunanta ne zai ɓaci. Ta yi maka tambaya ta gaskiya, ka ba ta amsar da ko yaro ba zai yarda da ita ba. Mutum ya shekara ashirin yana gasa tsoka a gaban kowa, rana ɗaya ya daina, ya ce sha'awa? Ni ma da sai na sansana. Ta lura kana ɓoye wani abu, kuma ba ta yi kuskure ba. Abin da kake ɓoyewar ne ba ta gane ba.

Shawarwarin ƙanenka duka biyu ka ajiye su. Ta farko za ta mayar da kai gadon asibiti. Ta biyu kuwa, ranar da aka gan ka laɓe bayan firiza da kwano, ka gama tabbatar wa 'yan gulma zancensu.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ka je gidan abincinta da kanka, lokacin da cunkoso ya lafa, ka gaya mata zancen jirin da abin da likita ya ce. Sannan naman nan da kake ci sau ɗaya a mako, ka mayar da shi shagonta: ka zauna a bencinta, ta zuba maka daga tukunyar da ta dafa namanka, marar kitse, ka ci ido na ganin ido. Mai kayan miya ma ka gaya masa, tunda ya iya kai labari.

Na san abin da ke maka nauyi. Za a yi maka sannu, wasu ma su tsokane ka, mako biyu a manta. Amma dole ɗayanku ya amsa sunan marar lafiya a kasuwar nan, ko kai ko namanka. Kai kana da likita, kana samun sauƙi. Naman da aka ce ba shi da lafiya kuwa ba asibitin da za ka kai shi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a wuƙarka, ya dawo maka da kilo ashirin ɗinka.