Babana zai harba bindigar da aka ce za ta fashe

Anti Hamida, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni. Ba zan iya faɗa wa kowa wannan magana baki da baki ba, ni ko a aji malama ta kira sunana sai muryata ta maƙale.

Shekarata goma sha huɗu. Na gama firamare a Maraɗi, sannan ni da Inna muka biyo Baba nan ƙasar waje, garin Fort Washington. Baba ya daɗe yana tuƙa wani tsohon lauya Bature mai tara tsofaffin bindigogin farauta. Ɗaki guda gare shi cike da su a bayan gilashi, ba ya harba ko ɗaya. Baba yakan ce mutumin kirki ne, amma ya binne bindigogi da ransu.

Bara Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannunsa na hagu ya yi rauni, ya bar tuƙi. Da tsohon ya rasu, 'yarsa Abby ta kawo wa Baba ɗaya daga cikin bindigogin, ta ce wasiyyar mahaifinta ce. Mai baki biyu ce, ta haura shekara ɗari, an zana tsuntsaye a jikin ƙarfenta. Abby ta ce ta fi motarmu tsada, a ajiye ta kawai ana shafa mata mai.

To Anti, mu gidan maharba ne, kakana Sarkin Baka ne a ƙauyensu. A gidansu an ce duk bindigar da ta shigo hannunka sai ka kai ta daji ta sha jini, in ba haka ba jinin gida za ta nema. Baba ya ce da an buɗe farautar dinya, manyan agwagin ruwan nan, zai tafi da ita.

Kawu Oumarou, ƙanin Inna, ya lallashe shi muka kai ta wurin mai gyaran bindiga a Upper Marlboro, ni ce tafinta. Mutumin ya leƙa, ya auna, ya ce tsatsa ta ci ta ta ciki, ƙarfen ya yi siriri, kuma ba don harsashin zamani aka ƙera ta ba. In aka harba tana iya fashewa daidai inda hannun hagu ke riƙewa. Na faɗa wa Baba duka. Muka shiga mota ni da shi, Kawu yana waya a waje. Baba ya ɗaga hannunsa na hagu ya ce in ta fashe ta fashe, wannan ai ya riga ya mutu, sauran jikin ma jira yake.

Ni kaɗai na ji.

Yanzu kullum na dawo makaranta ina tarar da shi a falo, tana kan cinyarsa yana goge ta. Ya daina zuwa Juma'a. Na ga harsasai a cikin kwalin takalmansa. Inna ta ce a ƙyale shi, bindigar ce kawai ke tayar da shi daga gado. A gidanmu mace ba ta taɓa kayan harbi, kuma ban taɓa yi wa Baba musu ba. In ɓoye ta? Ina tsoron in raba shi da abin da ya rage masa. Wani lokaci har ina tunanin ko maganar kakanni gaskiya ce.

'Yarki mai tsoro, Fort Washington

Wa'alaikumus salam, 'yata.

Wannan kaya ya fi ƙarfin kanki, ki sauke shi yau. Ki zaunar da Inna da Kawu ki faɗa musu maganar cikin mota yadda ya faɗe ta. In bakinki ya ƙi buɗewa, miƙa musu wannan shafi. Ba tona asirin uba ba ne. Mutumin da ya ce jikinsa jira yake, ya ƙaurace wa jama'a, ga bindiga ga harsashi a gida, likita yake buƙata. Irin wannan baƙin ciki yakan biyo bayan shanyewar jiki, kuma yana da magani.

Kada ki taɓa bindigar, kada ki ɓoye ta. Aikin Kawu ne ya fitar da harsasan daga gidan yau, ya kuma nemi inda za a adana ita kanta a kulle har Baba ya ga likita. In ya sake irin maganar, ku kira 988, layin taimakon masu tunanin kashe kansu. In kin ga haɗari a gabanki, ki kira layin gaggawa 911, ba sai kin nemi izinin kowa ba.

Babanki bai yi ƙarya ba, don harbi aka ƙera bindiga, kuma akwai masu farauta da tsofaffi irin wannan bayan gwani ya tabbatar da lafiyarsu. Tasa gwani ya duba ya ce a'a. Inna ma ta ga gaskiya, bindigar tana riƙe da shi. Don haka kada a yi masa zancen sayarwa, kada a ƙwace ta da faɗa. Idan ya samu sauƙi, likita ya yarda, Kawu ya kai shi bakin ruwa ya ga saukar dinya, ya koya wa na baya abin da ya gada. Ɗan Sarkin Baka bai rasa abin bayarwa don hannu ɗaya ya gaza ba.

Maganar kakanni kuwa, ƙarfe ba ya jin ƙishirwa, 'yata. Hanya ɗaya ce wannan bindiga za ta sha jinin gidanku: a sa mata harsashi. Kada ki jira dinya su iso.

Allah ya ba Babanki lafiya, ya buɗe miki baki, ya yi miki albarka.

Anti Hamida