Littahin Baba na Cikin Rumbu

Tawa, Litinin

Yaya Idrisa, ina gaisuwa, ina su Inna?

Lokotoro ya ce Alhamis za a yi ma Baba aikin ido, amma tsohonka ya ƙi zama. Sau biyu ina kamo shi bakin ƙohwar asibiti yana kiran kabu-kabu, wai gida za shi, makanta ta hi wuƙa. Abu guda yaka tambaya: littahin nan nashi na ɗan sanda Ciɗo da raƙumin da anka sace. Don Allah ka ba direban Kalfu shi kawo man shi. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Ƙanwarka, Kaltumi

Kalfu, Talata

Kaltumi, bayan gaisuwa mai yawa.

Na birkice ɗakin Baba ban ga littahin ba. Ashe Inna ta tsince shi ƙasa, kin san ba ta barin rubutu inda ƙahwa ka takawa, ta jehwa shi rumbu don gudun awaki. Munka zuba sabon hatsi bisa, munka liƙe. Rumbun Baba kuwa ba mai buɗe shi sai da bakinshi. Ki tambaye shi. Wai ma mi zai ji ciki? Ya daɗe da sanin mai shayi ne ɓarawon.

Allah shi ba shi lahiya. Idrisa

Tawa, Laraba

Yaya, a gaida gida.

Ban tambaye shi ba, na ji tsoro shi ce zai zo shi buɗe da kanshi. Sai na zauna ina ba shi labarin da ka. Na ce raƙumin ja ne, ya daka man tsawa: "Hwari ne! Ke wa ya koya maki karatu?" Daga nan na riƙa kuskure da gangan, shi ko yana gyarawa, yana dariya tun Ciɗo bai kai rumhwar mai shayi ba. Ya ce daɗin ke nan, ka san hanya, ka bi ta sannu. Yau ko takalminshi bai nema ba. Ni ce dai ban iya cin abinci.

Kaltumi

Tawa, Juma'a

Yaya, an yi aikin, gobe za a kwance bandeji. Na hwaɗa mashi inda littahin yake, na ce ko a buɗe in karanta mashi. Sai ya ce kar kowa shi taɓa rumbun. Shi zai buɗe, shi zai karanta.

Ku yi muna addu'a. Kaltumi